Me Ya Haɗa Teburi da Kujera?

Labule ɗaya ne ya ƙone, sai butar shayi da ta narke a gindi, sai ɗan baƙin hayaƙi da ya shafi silin. Abin da ya faru ke nan, ko ƙari babu. Amma yadda Auta ta ɗauki maganar, sai ka rantse Baba Alƙali cinna wa unguwar wuta ya yi, ya koma gefe yana tafi.

Ba alƙalin kotu ba ne, ko aji huɗu bai gama ba. A tashar mota ya samo sunan. Tun kansa na baƙi har ya yi fari fat, shi ke zama a benci ƙarƙashin rumfar kwano, duk rigimar da ta tashi gabansa ake kawo ta: direba da kamasho, fasinja da ɗan dako, mai shayi da wanda ya fasa masa kofi. Ba ya tambayar sunan kowa. Sai ya bari sun gama huci da nuna wa juna yatsa, ya gyara zaman hularsa, ya ce, "To, me ya haɗa ku?" Daga nan bakin kowa ke buɗewa.

Yanzu ya bar tasha. Tun rasuwar matarsa shi kaɗai yake zaune a ciki da falonsa, a saman bene, kan shagon wani mai faci. Makullin ɗakin na ɗaure da baƙin zare a cikin aljihun gabansa. Bara wani ɗan ciwo ya taɓa masa ɓarin hagu, ya kwanta asibiti, ya tashi da ƙafarsa. Bayan nan sau ɗaya ya taɓa ɓata hanya a babban shataletale, ya yi ta zagaye har wani mai babur ya gane shi ya kawo shi gida. Sai kuma ga maganar buta.

Auta ita ce ƙaramar 'yarsa, ita kaɗai ta rage a garin, yayyenta duk sun yi nisa. Shugabar makarantar firamare ce, ta saba ta faɗi magana a yi. Ta riga ta gyara masa ɗaki a gidanta, kusa da kicin, da sabuwar katifa da talabijin da taga mai kallon katanga. Ya je ya gani, ya ce ɗakin ya yi kyau, Allah ya kawo mai shiga.

Da ta ga lallashi ya ƙi ci, sai ta zo masa ta inda ta san ba ya ja da baya.

"Baba, mu je a gwada ka. Akwai likitar da ke auna tunani. In ta ce kanka lafiya lau, wallahi na bar maganar har abada. In ta ce akwai matsala, ka ba ni makullin nan ka biyo ni."

"Auna tunani? Da mudu ko da sikeli?"

"Ka yarda ko kana tsoro?"

"Na yarda," ya ce, tun kafin ya yi shawara da kansa.

Ranar da za su je, ya sa farar rigarsa mai guga ya sauko. Mai Faci, abokinsa na karta, yana durƙushe yana tsoma tayar babur cikin bahon ruwa yana neman inda take yoyo. Ya ɗago ya dube shi sama da ƙasa.

"Iye! Alƙali, yau kai za a gurfanar?"

"Rufe min baki, tsohon banza."

"Taimakonka zan yi. An kai yayana irin wurin nan, na san tambayoyinsu. Farko za su ce yau wace rana ce. Laraba ce, ka riƙe da kyau."

"Talata ce, jaki."

"Ka gani? Ka ci ta farko. Saura in sun ce ka zana agogo, kada ka zana musu taya."

Motar Auta ta tsaya tana hon. Ya shiga baya maimakon gaba, don ta san ba shiri suke ba.

Ɗakin gwajin ƙarami ne, a ƙarshen wani dogon baranda a asibitin. Teburi ɗaya, kujeru biyu, fanka na juyawa tana ƙara kamar za ta faɗo. Likitar ko shekarun Auta ba ta kai ba. Ta miƙe ta gaishe shi da ladabi, ta ce wa Auta ta jira a waje.

"Baba, ni ba na allura, ba na ba da magani. Tambayoyi ne da 'yan ayyuka, don mu ga yadda tunani ke tafiya. Wasu za su yi maka sauƙi, wasu za su yi wuya. Babu wanda ke cinye su duka."

"Kafin yau," ya ce.

Ta yi murmushi ta buɗe wata jaka. Ta fara da karanta masa kalmomi biyar, ta ce ya riƙe, za ta nema daga baya: hula, kogi, cokali, ja, gaskiya. Ya maimaita mata su tsaf, har da ɗaga gira. Sannan ta zube masa wasu 'yan katakai masu kusurwa huɗu, wani gefen ja wani fari, ta nuna masa hoto ta ce ya jera su su yi kama da shi. Ta danna agogo.

"Da girmana ki ba ni kayan wasan yara?"

"Manya ma na yi, Baba."

Ya yi na farko da na biyu. A na uku hannunsa na hagu ya ƙi ba shi haɗin kai, wani katako ya gangara ƙasa, agogo ya cika kafin ya gama. Ya ce katakon ne ba a fere shi daidai ba. Ta ce to. Ta karanto lambobi ta ce ya faɗe su daga baya zuwa gaba. Ya ce a duniya wane mai hankali ne ke kiran lambar mota ta baya, amma dai ya gwada, ya samu wasu, wasu suka zille masa. Gumi ya fara tsattsafo masa a ƙarƙashin hula.

Sai ta ajiye katakan ta juya shafi.

"Yanzu wani iri ne daban. Wannan ba shi da amsa ɗaya. Ka faɗa min duk abin da za a iya yi da bulo. Bulo guda ɗaya. Duk abin da ya zo maka."

Baba Alƙali ya gyara zama.

"A tare tayar mota a gangare. A ba fasinja ya zauna in benci ya cika. A ajiye a layi ya riƙe wa mutum wuri ya je ya dawo. Yaron mota ya yi matashin kai da shi. A raba iyaka tsakanin mai lemo da mai burodi, kowa ya san inda tirensa ya tsaya. A ɗora ƙafa a wanke. A danne tabarma ranar iska. A daka shi ya zama gari a goge gindin tukunya. A ɗaga wa kare, ba sai an jefa ba. A naɗe shi a kwali a bar wa ɓarawon tasha ya sata, ya je gida ya buɗe." Ya numfasa. "In kina da suruki mai yawan zuwa, ki sa masa a ƙasan jaka."

Biro na gudu a hannunta, tana cije leɓe don kada dariya ta ƙwace mata.

"Ba ka ce gini ba, Baba."

"Ke kika ce guda ɗaya."

Yanzu ya ji jininsa ya dawo. Ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ashe abin ba wuya, yarinyar ma tana da hankali.

Ta sake juya shafi. "A nan zan faɗi abubuwa biyu, kai kuma ka gaya min abin da ya haɗa su. Me ya haɗa lemo da ayaba?"

Sai da ya dube ta da kyau. Shekara da shekaru yana yi wa mutane wannan tambaya, yau ga ta an miƙo masa a faranti. Ya mayar da hularsa, ya gyara mata zama kamar yadda yake yi a rumfar tasha.

"Tire ne ya haɗa su. Mai talla ta ɗora ayaba a sama don ba ta jure nauyi, lemo na ƙasa yana ɗauke da kowa, kuma ita ake fara saye. To kin ga dole lemo ya ji haushi. Sai ya ce mata marar kunya, kowa ya zo da hannu ɗaya ya tuɓe ta, shi kuwa sai an nemo wuƙa. Ita kuma ta ce masa ai shi ya sa ake matse shi a yar."

Likitar ta duba takardarta.

"Wato, Baba, dukansu 'ya'yan itace ne."

"Yawwa! Ai shi ya sa. 'Yan gida ɗaya sun fi kowa iya rigima."

Ta buɗe baki kamar za ta ƙara wani abu, sai ta fasa, ta yi ɗan rubutu. "Me ya haɗa kare da zaki?"

"Gori. Zaki ya ce kare ya sayar da kansa saboda ƙashi, har da kaɗa wutsiya. Kare ya ce wai sarki, ga shi ko ƙofar da zai rufe ba shi da ita, yau ya ci gobe ya kwana da yunwa. In ni aka kawo wa, zaki zan ba gaskiya, amma a asirce zan ce masa ya rage baki."

Ta sake yin ɗan rubutu. A nan ne idonsa ya sauka kan takardar. Zaman tasha ya koya masa karanta rubutu a juye, daga ɗaya gefen teburi, don ta haka yake gane abin da kamasho ke rubutawa. Lokacin bulo, hannunta cika layi yake yi. Yanzu kuwa abu ɗaya take zanawa, ɗan ƙaramin da'ira. Ga ɗaya a gaban lemo da ayaba, ga wani a gaban kare da zaki. Ko bai gama aji huɗu ba ya san sifili in ya gan shi.

"Me ya haɗa teburi da kujera?"

Dukansu 'ya'yan itace ne. Maganar likitar ta ɗazu ta dawo masa a kunne, sai yanzu ta zauna daidai. Ba faɗa take tambaya ba. Kama take nema, inda abu biyu suka zama ɗaya. Ita tana nan tana jiran ya ce kare da zaki dabbobi ne, shi kuwa ya baje yana yanke wa ayaba hukunci. Wani zafi ya taso masa daga wuya har kunnuwa.

Amsar na kan harshensa. Kayan ɗaki ne. Kalma uku, ko jikansa ɗan aji ɗaya zai faɗa. Ya ji nauyin makullin a aljihunsa, ya san in ya faɗa da'irar za ta daina fitowa. Amma in ya juya yanzu, yarinyar nan za ta rubuta cewa tsoho sai a tambaya ta uku ya gano inda aka dosa, bayan an ba shi amsa a baki. Kuma wai wannan ce tambayar da za ta raba mutum da ƙofarsa? Teburi da kujera kayan ɗaki ne? Wanda ya raba direbobi biyu da kowannensu ke riƙe da ƙarfen taya, shi za a zaunar a tambaya wannan? Gara a rubuta ya ƙi da a rubuta bai gane ba.

Ya dube ta ido cikin ido.

"Kujera ce mai ƙara. Ita ke ɗaukar mutum da duk nauyinsa tun safe, amma in an kawo abinci teburi ake ba. Shi ake shimfiɗa wa ƙyalle, ita kuwa in an gama a tura ta ƙarƙashinsa."

Likitar ta daɗe tana kallonsa kafin ta zana da'irarta.

"Me ya haɗa ido da kunne?"

"Ido ya ce kunne ɗan jita-jita ne, bai taɓa ganin komai ba sai an ce an ce. Kunne ya ce shi ko a duhu yana aiki, ido kuwa ko ƙeyar mai shi bai taɓa gani ba. Ƙaro wata."

"Wannan sashen ya ƙare, Baba." Ta rufe shafin. "Kalmomin nan biyar da na ba ka da farko, faɗa min su."

"Hula," ya ce da sauri. "Kogi." Ya tsaya. Fanka na ta ƙara. Akwai wani abu na kicin, ya san akwai. Buta? A'a, buta tasa ce. Ya laluba inda ya ajiye su, ya tarar da wurin fayau kamar ɗakin da aka kwashe kaya. "Gaskiya," ya ce daga ƙarshe. Sauran biyun ko ƙurarsu.

"Ba komai," ta ce, ta tashi ta kira Auta.

Auta ta shigo ta zauna a bakin kujera, jakarta a cinya, ta ƙanƙame ta da hannu biyu. Shi ya ƙi zama, ya tsaya jikin taga.

"Zan faɗa a gabansa, don shi aka gwada," in ji likitar. "Wajen kawo dabaru iri-iri, na daɗe ban ga wanda ya kai shi ba. Wajen katakai da lambobi, daidai da shekarunsa da ciwon da ya yi. Akwai sashen da ya samu sifili daga sama har ƙasa, amma ba zan lissafa shi ba. Yadda aka rubuta tambayar tana ɗaukar ma'ana biyu, ni kuma ba ni da ikon canza ta ana tsakiyar gwaji. Biyun farko bai gane nufina ba. Daga teburi da kujera kuwa ya gane sarai, na ga fuskarsa. Ƙi ya yi."

Auta ta juyo. "Baba! Da gangan?"

"Kayan ɗaki ne," ya ce yana kallon waje. "Dabbobi ne. Sassan jiki ne. A ba ni alewa."

"Abin da ya dame ni daban ne," likitar ta ci gaba, muryarta ba ta canza ba. "Na ba shi kalmomi biyar, biyu sun ɓace. Wannan ba taurin kai ba ne, Baba, ka nema ba ka samu ba. Sabon abu ba ya zama maka kamar da. Irin wannan ne ke sa a ɗora buta a manta. Ina so in sake ganinka nan da 'yan watanni."

Wannan ta shige shi.

"To kin ji," in ji Auta, ta miƙa hannu. "Akwai matsala. Haka muka yi da kai. Kawo makullin."

"Ta ce a kwashe ni? Likita, kin ce a kwashe ni?"

"Ban ce ba."

"Amma kin ce a bar shi shi kaɗai da gas?" in ji Auta.

"Shi ma ban ce ba. Takardata tana nuna inda ƙarfi yake da inda rauni yake. Ba ta san ɗakinsa ba, ba ta san gidanki ba."

"Ai shi ke nan, an tashi babu ci," ya ce. "Makullina na nan inda yake."

"Wallahi Baba ba ka isa ba! Kai ka ce ka yarda!"

"Ni kike ce wa ban isa ba? Ni na ɗaure miki takalmi ranar da kika fara zuwa makarantar da yau kike taƙama da ita!"

"Sai ka ƙone kanka tukuna hankalinka zai kwanta?"

"In na ƙone, a ɗakina na ƙone!"

Wata ma'aikaciya ta leƙo ta ƙofa ta koma. Likitar ta bari sai da suka gama huci. Sannan ta ajiye biro, ta haɗa hannuwanta a kan teburi.

"Baba, ga wata da ba ta cikin takarda. Me ya haɗa ka da ita?"

Ya juyo a hankali. Tunda yake, ba a taɓa yi masa wannan tambaya yana tsaye a gefen masu rigima ba.

"Irin naki ko irin nawa?"

"Irin naka."

"Buta," ya ce. "Butar da ko ita ba ta saya ba."

"Ba buta ba ce!" Muryar Auta ta fashe. "Ni ina ruwana da buta? Na zo kawo maka wanki, na ɗaga kai na ga hayaƙi na fita ta tagarka. Na hau benen nan ban san na yar da takalmi ba. Ƙofa a kulle. Na buga, na kira, na yi ta dukanta da kafaɗa har hannuna ya kumbura. Na ɗauka kana ciki a kwance. Ina tsaye a bayan ƙofar ubana, ba ni da abin buɗewa, sai ihu. Ashe kana bayan shago kana karta! Da aka kira ka, ka zo kana dariya, wai shayin ya dahu." Ta goge ido da bayan hannu, da haushi. "Har yau in na rufe ido ƙofar nan nake gani."

Bai san da maganar kafaɗa ba. Ranar hayaƙin, da ya iso, mutane sun cika matakala, ita kuma ya same ta tana faɗa, shi ya sa shi ma ya hau faɗa. A tasha ya sha ganin haka: mutum ya zo yana ihu a kan kofin da aka fasa, sai an tona a tarar ba kofin ba ne. Da wasu ne aka kawo masa, da tuni ya gano.

Amma bai ce ta yi haƙuri ba. Ya gyara hula, ya ce wa likitar, "Sai 'yan watannin naki. Ki tanadi kalmomi masu ma'ana." Ya fice.

A bakin asibiti Auta ta buɗe masa ƙofar mota. Ya wuce ta kamar bai gani ba, ya tari bas ya shiga. Ta tagar baya yana hango motarta tana biye, bas ya tsaya ta tsaya, ya tashi ta tashi.

Ya sauka a babban shataletale, inda ya taɓa ɓata. Da gangan ya sauka a nan, ga tashar da ta fi kusa da gida a gaba. Ya tsaya a bakin titi. Hanyoyi sun rabu ta ko'ina, motoci na zagayawa, allunan talla duk an canza su. Ya duba dama, ya duba hagu, sai ya ji wurin nan fayau ya sake buɗewa a kansa. Kowace hanya ta yi kama da 'yar'uwarta.

Motar Auta na tsaye a bayansa kaɗan, injin na aiki. Yana jin idonta a ƙeyarsa. Hon ɗaya za ta yi, ko ta leƙo ta ce ta nan ne Baba, shi ke nan an gama shari'a. Ya dafe aljihunsa ya jira.

Ba ta yi hon ba.

Ya rufe ido. Ƙarar motoci, mai rake na kiran ciniki, wani rediyo. Can ƙasa da duk wannan, daga hagu, sai ga wani sauti da ya sani kamar tarin kansa: ƙwal, ƙwal, ƙwal, guduma a kan ƙarfen taya, duka biyu da sauri sannan ɗaya a makare. Duk garin mutum ɗaya ne ke dukan taya da irin wannan lalaci. Ya buɗe ido ya bi hagu, bai waiwaya ba.

Kafin shagon faci akwai mai yankan makulli a ƙarƙashin wata lema. Baba Alƙali ya tsaya, ya kwance baƙin zaren, ya miƙa. Injin ya yi ƙara, garin ƙarfe ya zuba. Ya karɓi biyu, ya mayar da tsohon aljihu, ya tako zuwa motar da ta tsaya a gefen kwata. Auta ta sauke gilashi. Ya ajiye sabon makullin a kan cinyarta, da sauran ɗuminsa.

"Wannan na ranar hayaƙi ne. In babu hayaƙi, ki ƙwanƙwasa kamar kowa."

Ta dubi makullin, ta dube shi. "Ba haka muka yi ba."

"Kin ce in ba ki makulli. Ga makulli."

"Na ce ka biyo ni."

"Yau ai ke kika biyo ni."

Ta kau da kai don kada ya ga bakinta ya motsa. "To gas ɗin fa? Yau zan tafi da tukunyar, in kawo maka butar lantarki mai kashe kanta."

"Ba na sauraron ƙara biyu rana ɗaya. Ki dawo gobe."

"Baba!"

Ya riga ya juya. Mai Faci ya ajiye guduma yana washe baki.

"Alƙali, yaya? An ɗaure ka ko an sake ka?"

"An ɗaga shari'a."

"Sun ce ka zana agogon?"

"Kai dai ci gaba da dukan tayarka. Kada ka kuskura ka koyi yin sa da kyau."

Ya kama ƙarfen matakala da hannun dama ya fara hawa, a hankali, ƙafar hagu na biyo ta dama. A tsakiya ya tsaya cak. Ya leƙo ƙasa, inda Auta ta fito daga mota tana tsaye da makulli a hannu.

"Cokali!" ya daka mata tsawa. "Ki kira ta ki gaya mata. Cokali ne!"

"Saura ɗaya," in ji Auta.

"Ita ma tana hanya."

Ya ƙarasa hawa, ya zaro makullinsa ya buɗe ƙofarsa.